Zanen Godiyar Matuƙin Tarago

A ƙofar wata coci a birnin Puebla na ƙasar Meziko, inda ake yi wa waɗanda suka tsira daga haɗari zanen godiya a fallen kwano, na ji wani matuƙin taragon fasinja da doki ke ja yana magana da tsohon mai zane.

"Baba, zana min taragona a kife, fasinjoji duk lafiya, Uwa Maryamu a sama. Dokin kuma ka yi shi ya haukace."

"Ya haukace ɗin?"

"Kai dai zana."

"Yaro, a bangon coci za a rataye shi, kowa ya gani. Dokin da aka ce ya haukace, filin wasan bijimai kamfaninku ke kai shi, ƙaho ya farke masa ciki."

"In aka ce laifina ne, korata za a yi, ga iyali. Ɗan gyangyaɗi ne fa kawai ya..."

"Af! To, wa zan yi wa ƙaryar, kamfani ko ita Uwa Maryamu?"

Matuƙin ya daɗe yana murza hularsa.

"Tun ina saurayi dokin nan yake ja na. Zana shi da hankalinsa. Ni kuma ka rufe min ido. Wanda ya tambaya, addu'a nake yi."