Tambayar da Malam Jibo zai yi wa Wasila

A tashar Tsafe, motar Gusau tana jiran cika. Malam Jibo, manomi daga 'Yankuzo, ya ga saurayin da ke gefensa ya daki kujera yana ƙyalƙyala dariya, ga kwamfuta buɗe a cinyar saurayin.

"Samari, aure aka ba ka?"

"Ya fi aure, Baba! Manhajar kwamfutar da nake rubutawa ce ta fara aiki! Ta daɗe tana ƙi, ashe waƙafi guda na manta."

"Waƙafi? Ɗan ɗigon nan mai wutsiya?"

"Shi fa! Saboda shi har na ce zan bar kwalejin fasaha in koma gona."

"Kai! Ɗiyata Wasila ma abin da take karantawa ke nan, wurinta za ni. Da can ni da ita mukan yi hira har tuwo ya huce. Yanzu in ta fara bayani sai in rasa bakin sa mata. Ara mini tambaya guda irin ta masana, in jefa mata."

"Ka ce: Wasila, kin duba waƙafinki?"

Malam Jibo ya gyara hula, ya murtuke fuska kamar shugaban makaranta, ya maimaita. Suka tuntsire da dariya har fasinjojin gaba suka waiwayo.

"To, in ta amsa da dogon bayani fa?"

"Sai ka riƙa gyaɗa kai, Baba."

"A'a. Tun da ta shiga makarantar nan gyaɗa kai nake yi. Matso da abin nan kusa. Kafin mu kai Gusau, nuna mini inda waƙafin yake zama."