Na Bar Ciyayya Saboda Tumbi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Modu ne daga Galtimari.

Ni da maƙwabcina Bukar muka ƙudura rage tumbi. Ni na ɗauki tsari mai tsauri: ba tuwo, ba shinkafa, sai ganye da ƙwai. Har na daina zama ciyayyar ƙofar gida, inda kowa ke fito da kwanonsa bayan magariba. Bukar kuwa yakan zauna, ya ƙirga lomarsa, ya tsame hannu. Dariya nake masa.

Yau tumbinsa ya faɗa. Ni na gaji, na koma cin burabusko da miya, nawa da ya fara raguwa ya dawo. Maƙwabta sun ɗauka girkin matansu na raina, yanzu ko kirana ma ba sa yi.

Malama, da wane ido zan koma kan tabarmar ciyayyar nan?