Na Ƙaurace wa Gasa, An Gaje Mini Kujera

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira.

Da na ji labarin zaluncin da aka yi wa leburorin da suka gina filayen gasar ƙwallon duniya, sai na miƙe a gidan kallonmu na Gusau, na gyara babbar riga, na shelanta cewa na ƙaurace wa gasar baki ɗaya. Na fita ina jiran duniya ta girgiza.

Ko mai gidan kallon bai ɗago kai ba. Kafin in kai ƙofa, taubashina Alhaji Mamman na Bungudu ya haye kujerata ta gaba, wadda take ƙarƙashin fanka.

Da aka kammala gasa na koma, na ce ya tashi. Sai ya ce, "Haba Bawa, an biya leburorin haƙƙinsu ne? Namiji ba ya janye magana. Je ka ci gaba, muna yi maka addu'a!"

Jama'a, ku ba ni shawara. Ina nan kan bakana, amma a bencin baya nake sharce gumi. Haƙƙin leburori zan fara ƙwatowa, ko kujerata?

Naku, Malam Bawa, Gusau.