Liƙi a Fiffiken Jirgi

Assalamu alaikum Malam mai shiri, sannu da aiki. Ni ne Hassan masunci daga Garu, kusa da Malanbil.

Bana Allah ya nufe ni da Umra. Munka shiga jirgin sama a Kwatano, munka zauna har gumi ya jiƙa mu, bai motsa ba. Maƙwabcina na kujera ya fassara mini maganar direban jirgin: wai wata fitila ta kama a gabanshi, ba ya tashi sai an duba. Na leƙa taga, sai ga makanike bisa tsani yana manna wani abu mai ƙyalli a fiffike, yana shafe shi da hannu.

Na ce wa yarinyar da ke raba ruwa, "Ɗiyata, liƙi na gani?" Ta yi dariya: "Baba, kwantar da hankalinka, haka ake yi."

Mun sauka lafiya, amma abin bai bar ni ba. Malam, tambayo muna masana: wane irin liƙi ne wannan? Ni ma ina liƙe jirgina na ruwa da tsumma da kwalta, amma in ya ɓalle tsakiyar gulbi, ƙwarya nake ɗauka in kwashe ruwa. Su can sama, mi za su kwashe?