Kwalin Allurar Hajiya Amama

Memunatu: Salamu alaikum. Gidan Alhaji Osumanu ne, Maamobi? Don Allah a kira min Asana a gidan kusa.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Asana ta tafi kasuwar Makola. Ni ce na shigo gaida Alhaji, aka miƙo min. Wace ce?

Memunatu: Au... Mma Hajiya? Ina wuni, Mma. Memunatu ce.

Hajiya: Maman Wasiu! Ke da kika fita da safe? Lafiya? Ya aikin asibiti?

Memunatu: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar?

Hajiya: Tana nan yadda kika bar ta.

Memunatu: Ya jama'ar gida? Yaran sun dawo makaranta?

Hajiya: Sun dawo, sun cinye waakye ɗin, shinkafa da waken nan, tas. Halo? Ƙara murya, wayar nan sai ƙara take kamar ana suya.

Memunatu: Na ce, ya zafi?

Hajiya: Ke, ba don ki tambaye ni zafi kika tsallaka Adabraka kika shiga layin buga waya ba. Abin da za ki faɗa wa 'yata, faɗa wa uwarta.

Memunatu: Dama... kwalin nan ne da na kawo miki. Allurai na huda kunnen jarirai.

Hajiya: Allah ya yi miki albarka. Da ina jin haushinki, kullum kina cewa kada in huda yara biyu da allura ɗaya, ni da na huda kunnen rabin matan Nima da allurar ɗinkin uwata. Yanzu kuwa har alfahari nake. Kowace jaririya da tata, a yage leda a gaban uwarta.

Memunatu: To su ne, Mma. An ce a mayar da su.

Hajiya: A mayar wa wa?

Memunatu: Masu yin su. Yau aka aiko wa asibitinmu, duk mai irin kwalin nan mai ruwan ganye ya daina amfani da shi. Ledar ba ta liƙe da kyau ba, datti yana shiga. Wasu kuma bakinsu yana karyewa a cikin tsoka. Marfin ma ba shi da ƙarfi. Wata Sista tana rufe ɗaya bayan ta yi wa mara lafiya, allurar ta huda marfin ta soke ta a yatsa. Yanzu an ɗebi jininta, tana zaune tana kuka, ba ta san me ya shiga jikinta ba.

Hajiya: Subhanallahi. Allah ya kare ta. To amma nawa lafiya suke, ni ban ga komai ba.

Memunatu: Ba a gani da ido.

Hajiya: Hmm. Maman Wasiu, kwalin ai ba ya nan cif. Abin alheri ba a ci shi kaɗai. Na ba Sanatu ungozoma, na ba matar Mahama wanzami, na ba Salimatu ta bakin gota. Na ce musu surukata ce ta kawo daga asibiti, masu kyau ne sosai paa.

Memunatu: Sai a karɓo, Mma.

Hajiya: A karɓo? In yi kyauta da hannuna, in koma in ce a ba ni? A Zango? Gobe a gidan suna da me zan kalli mutane? Kuma kin san abin da za su ce: ga kayan asibitin nan, gara tsohuwar allurarmu. Duk wahalar da kika sha a kaina ta tashi a banza.

Memunatu: Na sani. Shi ya sa na so Asana ta faɗa miki, ni nauyi nake ji. Zan nemo wasu masu kyau, wallahi zan nemo.

Hajiya: To ki bari waɗannan su ƙare shiru, ba wanda ya ji. Allah ne mai tsarewa.

Memunatu: A'a, Mma! Ba za a bari ba! Kunnen jaririya ne, in ƙarfe ya karye a ciki ko ya yi ruwa, bakin me take da shi da za ta faɗa?

Hajiya: Hmm.

Memunatu: Halo? Mma? Ki yafe ni. Mai wayar yana nuna min agogo. Ki bari in na tashi aiki ni in bi gidajen, a zage ni ni.

Hajiya: Tun da kika shigo gidana ban taɓa jin muryarki ta kai nan ba.

Memunatu: Ki yi haƙuri.

Hajiya: Ba ke kika ba su ba, ba ke za ki karɓo ba. Kunyar tawa ce. Kuma ba za ta jira tashinki ba, Salimatu ta ce bayan la'asar za ta huda wa jikarta.

Memunatu: Mma, ai an kira la'asar tun ina layi!

Hajiya: Alhaji, riƙe wayarka. Ina na ajiye takalmina?

Memunatu: Mma, ƙafarki, ki hau tasi... Mma? Halo?