Amaryar da Za a Kai Rum

A tashar Bukares ta ƙasar Romaniya, tsohuwa Ilinca na jiran bas ɗin birnin Rum, rungume da ɗan itacen brad, irin mai ganye kamar allura, mai adon ƙyallaye. Wani matafiyi ya dube ta.

"Iya, jirgin sama ya fi bas araha yanzu."

"Na je filin jirgin, ɗan nan. Ba sa ɗaukar itace."

"Ki bar shi mana! Rum babu itace ne?"

"Amaryar ɗana ce. A garinmu, in saurayi ya mutu bai yi aure ba, brad ake kafa masa a kabari a madadin amarya. Can Rum suka binne ɗana haka nan, babu itacen."

"Wayyo, Iya. Amma bas zai karya miki baya."

"Bayan me? Da mace ya samo, ai ko da ƙafa sai na je bikin."