Jan Zare Uku a Bakin Jaka

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Abin da zan faɗa yau, ni kaina ƙyamarsa nake ji.

Ina da 'yar rumfa a Agiye inda nake ba masu sana'ar hannu shawara, dukawa da masaƙa da masu zanen ƙwarya: inda za su kai kaya, da yadda za su yi magana da baƙi. Rumfar Masu Sana'a ake ce mata.

Sai aka buɗe siyasar jam'iyyu, manya suka fara zuwa da motoci suna neman jakunkunan fata don raba wa baƙinsu. Nan take na ga rumfata ta yi mini kaɗan. Na shafe ta da fenti, na kira ta buro, wato ofis, na sa aka kafa mata sabon allo da sunan Faransanci mai tsawo wanda ni ma sai na yi tuntuɓe kafin in faɗe shi. Na ɗaura wa wuyana tsumman nan na 'yan boko a cikin zafin bazara, wai a ce mini Mushe, yadda ake kiran manya da Faransanci. Tir!

Akwai wani tsohon baduku Musulmi a Gangara, Baba Ɗan Tani. Kowace jaka ya gama, sai ya yi ɗinki uku da jan zare a ƙarƙashin murfinta. Alamar gidansu ce tun daga ubansa, kuma duk wanda ya gan ta ba ya tambayar ingancin fata. Amma jaka biyu kawai yake yi a sati, ni kuwa manya suna jira. Sai na sayo jakunkunan roba daga tsallaken iyaka, na rufe ƙofar buro, na yi musu jan ɗinki uku da wannan hannun da nake riƙe Littafi Mai Tsarki da shi, na sayar wa manya a matsayin aikin Baba.

Ran kasuwar Gangara ina tsaye kusa da Baba, wani ɗan siyasa ya zo ya jefa masa jaka a ƙirji. Ruwa ɗaya ya dake ta, duk ta saɓule.

"Tsoho da kai, macuci!" in ji shi, mutane suna kallo.

Baba ya ɗauka ya shinshina. "Wagga ba ta san bagaruwa ba," ya ce, don da bagaruwa ake jeme fata. Ya ɗaga murfin, ya dube ni. Ya sa basilla ya tsince zaren, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Mushe, riƙe abinka. Ni daga yau na bar sa shi."

Na juya na bar shi da kunyar da take tawa.

Da safe na shiga buro, warin fenti da roba ya buge ni, na fito na yi amai a gindin sabon allon. Na durƙusa a wurin na ce, "Ya Yesu, na wanke bango na bar zuciyata da datti. Ka tsabtace ni!" Amsar da ta zo mini guda ce: inda ka ɓata sunan Baba, can za ka gyara.

Da kasuwa ta zagayo na loda sauran jakunkunan a amalanke, na zube su a gaban rumfar Baba, na ɗaga murya na faɗi abin da na yi. An yi mini ihu, wata tsohuwa ta tofa mini yawu, kuma ba ta yi laifi ba. Na dawo na kankare allon, na mayar da tsohon suna.

Baba bai leƙo ni ba sai bayan kaka. Ya ajiye jaka a kan teburina, ya ce, "Ɗana, duba ka gani ko za ta saidu." Na ɗaga murfin. Jan zare uku! Halleluya!

Wancan zaren da ya tsince yana nan cikin Littafina, ga shi. Na gode wa Ubangiji da ya mayar wa tsoho sunan ubansa, ya fitar da ni daga ƙarya. Ɗan'uwa, in akwai abin da ka rufe da fenti, kai shi gaban Yesu yau, ka dogara gare shi. Amin.